Ƙafar Agali

Ranar kasuwa ce, ana loda shanu a wata babbar mota a bakin karar Dakoro, wato kasuwar dabbobi, sai wani bajimi ya tubure ya matse Agali da jikin ƙarfen motar. Waɗanda ke kusa sun ce sun ji ƙarar karyewar ƙashin. Agali dillalin dabbobi ne, dogo, siriri, ba ya fita sai da rawani. Kakanninsa Buzaye ne, daga arewa suka gangaro da raƙumansu suka zauna. Da aka janye shi gefe, abin da ya fara faɗi shi ne a riƙe igiyar san kada ya faɗa cikin mutane. Bayan haka ya ce a kira masa Rabo.

Rabo mai amalanke ne. Yana da sa guda, ja, mai ƙarfi, da shi yake ɗaukar bulo da yashi da buhunan hatsi a cikin gari, in damina ta zo kuma ya yi huɗa da shi. Shi da Agali unguwa ɗaya suka taso, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan magana guda ba. Duk da haka ba a yini ba su haɗu ba. Rabo ya zubar da bulon da ya ɗauko a tsakiyar hanya, ya kora san da gudu, aka kwantar da Agali a kan amalanken aka nufi gidan likita.

Majo, wato shugaban masu jinya, ya duba ƙafar, aka ɗauki hotonta, aka gwada jini. Ya ce ƙashin ƙwauri ya karye har ya huda fata, ga shi kuma jinin ya nuna ciwon sukari, wanda Agali bai san yana da shi ba. Ya ce sai an kai shi Maraɗi an yi aiki an sa ƙarfe, domin raunin mai irin wannan ciwo ba ya warkewa da sauƙi.

"Ƙarhe?" in ji Agali. "A sa mani ƙarhe sai ka ce amalanken Rabo? Akwai maɗori a Korahane, ya ɗora ubana, ya ɗora raƙumin ubana. Can za ni."

"Ubanka ba ya da sukari," Rabo ya ce.

"Wa ya auna shi?"

Rabo ya yi magana har bakinsa ya bushe. Majo ma ya sake bayani, ya nuna musu hoton a jikin taga. Daga ƙarshe Agali ya lumshe ido ya ce to, ya ji, Allah shi kai mu gobe. Rabo ya ji sanyi a ransa, ya tafi gida ya ɗauko tabarma da buta, ya biya ya sanar da Uwale, matar Agali. Da suka iso gidan likita tare, gadon babu kowa. Agali ya sa wasu abokan dillancinsa sun ɗauke shi a bayan wata mota mai zuwa Korahane.

Rabo ya tsaya da butar a hannu yana kallon gadon. Ya ce da Uwale, "Wallahi na hita batun mijinki. Shi tahi shi mutu can."

Da gari ya waye ya ɗaure san a amalanke, ya aza kwanon tuwon da matarsa Hawwa'u ta yi, ya kama hanyar Korahane.

Ya tarar da Agali kwance a inuwar gawo a ƙofar gidan maɗorin, ƙafa ɗaure da karare da tsumma, mutane sun kewaye shi, yana ba su labarin yadda ya kusa kada bajimin da hannu ɗaya. Butar shayi na kan gawayi. Rabo ya ga da idonsa yadda aka juye sukari cikin butar har ya kusa toshe bakinta.

"Agali, mi majo ya ce maka kan sukari?"

"Majo ya ce kada in sha sukari. Wanga shayi ne."

Bayan wasu kwanaki maɗorin ya sallame shi, Rabo ya dawo da shi gida, yana tafiya da san sannu a hankali don kada ramukan hanya su girgiza ƙafar, Agali kuma yana ta mita daga baya cewa ko jana'iza ta fi wannan sauri.

Dillali ba ya da albashi. Abin da ya samu a kara ranar kasuwa, shi iyalinsa ke ci har wata kasuwar. Agali kuwa bai taɓa ajiye komai ba, hannunsa a buɗe yake tun yana saurayi. Ba a jima ba Uwale ta sayar da awakinta, sannan ta sayar da katifa da kwanonin jerenta. Rabo ya buɗe rumbunsa ya fara kai musu gero. Ya je farmasi da takardar majo ya sayo ƙwayoyin sukari, ya koyi lokacin shan kowace, yana zuwa safe da yamma ya tsaya a kansa sai ya haɗiye.

Abin da ya fi ƙona wa Rabo rai shi ne baƙi. Labarin karayar ya kai daji, sai ga makiyaya daga wajen Roumbou da Birnin Lalle da ma gaba, suna zuwa gaisuwa. Su zo da ɗan cuku ko ƙwaryar nono, su shimfiɗa tabarma a zauren Agali su kwana. Agali kuma ya ɗaga murya ya ce, "Uwale, a dama ma baƙi hura! A yi tuwo mai yawa!" Geron Rabo ne ake damawa. Buhun da ya lissafa zai kai su wata, sai ya ƙare kafin kasuwa ta zagayo sau biyu.

"Ka san hatsin nan ba daga sama yake zubowa ba?" Rabo ya ce masa wata rana bayan baƙin sun fita salla.

"Baƙo shi zo gidana shi koma da yunwa? Ai gara ƙahwar ta ruɓe."

"Ka bar kira ma kanka."

"To ka bar kawowa, in ya dame ka. Wa ya roƙe ka?"

Rabo ya tashi ya buga tabarmar ƙofa ya fita. A gida ya zazzage wa Hawwa'u duk abin da ke cikinsa. Ya ce mutumin nan ba ya da godiya, ba ya da hankali, ya kama shi yana ɓoye ƙullin sukari a cikin naɗin rawani kamar ɓarawo. Hawwa'u tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba.

"Malam, kullum haka kake hwaɗi, kullum kuma kai ke ɗaukar kwanon. In za ka bari ka bari, in ba za ka bari ba ka rage mani surutu. Ga kunun can, babu sukari, kai mashi tun da zahi."

Ya ɗauka ya kai.

Zafin bazara ya tsananta. Agali ya daina barin kowa ya zauna kusa da ƙafar, ya sa aka riƙa turara ɗakin. In Rabo ya tambaya, ya ce tana ƙaiƙayi, alamar warkewa ke nan. Wata safiya Uwale ta zo gidan Rabo da kanta, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta kira shi da sunan ɗiyarsa, ta ce, "Baban Sharifa, ka zo ka gani. Ya hana ni hwaɗi, amma ba ni iyawa. Ko abinci ba mu iya ci a ɗakin."

Rabo ya shiga ɗakin ba sallama. Agali na kwance, zazzaɓi ya dafa shi, leɓunansa sun bushe, amma da ya ga Rabo ya nufi ƙafar sai ya ɗaga sanda. Rabo ya fizge sandar ya jefa waje, ya kwance tsumman. Warin ya buge shi har ya ja da baya. Daga idon sawu zuwa yatsu ƙafar ta yi baƙi.

"Tun yaushe?"

Agali ya juya fuska.

"Na ce tun yaushe! Ina tahowa nan sahe da marece kamar bawa, ina ba ka magani a baki, kai kana ɓoye mani wanga? Kai wane irin mutum ne? Ɗiyanka hwa? Wa za ka bar ma su, ni?"

"In sun kai ni Maraɗi yankewa za su yi," Agali ya ce a hankali.

"Su yanke! Da ma kan suka yanke, shi ne ba ya da amfani!"

Rabo ya fita ya kira majo. Majo ya zo ya duba, ya ce a yau ɗin nan za a tafi, ba gobe ba. Tafiya Maraɗi da jinya a can ba abin da za a yi da hannu wofi ba ne, kuma a gidan Agali babu sauran abin sayarwa. Ba ranar kasuwa ba ce. Rabo ya tsaya a garkensa yana kallon jan san yana tuƙa, sannan ya kira wani Issa, mai sayen shanu yana kaiwa kudu. Issa ya zo ya zagaya san, ya taɓe baki, ya ce ya tsufa, ya faɗi abin da zai iya bayarwa. Rabo bai yi jayayya ba. Ya kwance igiyar ya miƙa masa, ya roƙi Uwale kada ta gaya wa mijinta.

A Maraɗi aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Lokotoro, wato likita, ya ce da an ƙara jinkiri da ba ƙafar kaɗai za a rasa ba. Rabo ya zauna jinya. Shi ke ɗaukar Agali zuwa bayi, shi ke wanke masa tufafi a famfon tsakar gidan likitan, shi ke bin layin farmasi. Ruwan shuka ya sauka a Dakoro yana can. Hawwa'u ta kira shi a salula ta ce ita da ɗiyansu sun shuka abin da suka iya, sauran gonar tana nan kwance. Ya ce Allah shi yi albarka, ya kashe wayar, ya koma ya tarar Agali ya ture kwanon abinci ƙasa.

Amma faɗan ya ƙare. Tun da Agali ya farfaɗo ya ɗaga zane ya ga inda ƙafar take a da, bai sake musu da kowa ba. A ba shi magani ya sha. A ce ya juya ya juya. Da suka dawo Dakoro ya kwanta ya fuskanci bango, ya ce a gaya wa baƙi yana barci. Rawanin ma ya daina naɗawa, yana rataye a ƙusa. An ba shi sandunan dogarawa, ya bar su jingine a lungu.

Rabo ya ɗauka zai ji daɗin wannan shirun, sai ya ga ya fi masa zafi. Ya zo ya zauna ya tsokane shi, ya ce raƙuman Buzaye duk ragwaye ne, ya ce shayi abin shan marasa aikin yi ne. Agali ya ce, "Haka ne." Rabo ya ji kamar ya mare shi.

"Ka tashi ka gwada sandunan nan."

"Gobe."

"Jiya ma gobe ka ce."

"To, jibi."

Rabo ba ya da sa yanzu. Amalanken na kife a ƙofar gida, kaji na kwana ƙarƙashinsa. Ya koma aron jakin maƙwabcinsa in ba ya aiki, ya ɗauki ƙananan kaya, in ya tashi ya wuce gona da hauya. Ya rame, ya zama mai saurin fushi, har ɗiyansa suna gudunsa. Kowace yamma duk da haka sai ya biya gidan Agali ya zauna ya kalli ƙeyarsa.

Wata yamma yana zaune, Agali ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Na kwana biyu ban ji ƙarar amalankenka ba. Jaki nake ji."

"San ba ya da lahiya."

"Mi ya same shi?"

"Ciwon... kofato."

Agali ya juyo a hankali. Ya kira Uwale. Ta shigo ta tsaya, ta kalli Rabo, ta kalli ƙasa, sannan ta faɗa masa cewa an sayar da san. Rabo ya shirya jin godiya ko kuka, duk biyun kuma ba ya so. Agali kuwa sai ya tambaya wa ya saya. Aka ce Issa. Ya tambaya a nawa. Rabo ya faɗa.

Agali ya yunƙura ya zauna, abin da bai yi da kansa ba tun Maraɗi.

"Nawa ka ce? Jan sa? San da ni na zaɓa maka da hannuna? Ai ko hwatarshi da ƙahonshi sun kusa haka! Kai wawan ina ne? Kana da aboki dillali, ka tsaya a ƙohwar gida ka ba Issa sa kyauta?"

"Abokin nawa yana kwance yana ruɓewa!"

"Da ka tashe ni! Ko ina cikin likkahwani ba a yi mani wanga ciniki! Ya ce ya tsuhwa, ko? Na san haka zai ce. Kai kuma ka buɗe baki kana kallonshi."

"Don in cece ka na saida shi, marar kunya!"

"To ka cece ni da tsada mana!"

Uwale ta rufe baki da mayafi ta fita. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Rabo ya tashi ya ce in ya sake taka gidan nan a canza masa suna. Agali ya ce ranar kasuwa ya zo da jakin da wuri, kuma ya shimfiɗa abu mai laushi.

Ranar kasuwa Rabo ya ɗaura wa jakin amalanke ya zo. Ya tarar Agali ya yi wanka ya naɗa rawani, yana tsaye a kan sandunan yana tangaɗi, gumi na zuba masa. Kafin su kai amalanken ya faɗi sau ɗaya, ya zagi sandunan, ya zagi wanda ya ƙera su, ya hana Rabo ɗaga shi sannan ya ce me yake jira da bai ɗaga shi ba.

A kara mutane suka dare musu hanya. Aka yi ta gaisuwa, Agali bai tsaya amsawa ba sai da aka kai shi gaban Issa. Daga kan amalanken ya wanke shi tas a gaban jama'a, ya kira sunan ubansa da na kakansa, ya ce ya ci amanar maƙwabtaka, ya sayi sa a hannun mutumin da hankalinsa ba ya jikinsa. Issa ya saurara har ya gama, ya ce ciniki ya faɗa, shi bai tilasta kowa ba, san kuma ya daɗe da ƙetare iyaka. Ya yi wa Agali sannu da jiki ya juya ga harkarsa. Ba a samu komai ba. Rabo ya tsaya riƙe da linzamin jaki, kunya ta rufe shi, don yanzu duk kara ta san yadda aka cuce shi.

"To, ka huce? Mu tahi gida."

Kafin ya juya jakin, wani tsohon Bafillace mai suna Samba ya matso da tumaki uku. Ya ce tun bazara yake zuwa yana komawa da su, don shi ba ya ba kowa igiyarsa sai Agali. Abokan dillanci suka shimfiɗa tabarma a rumfa, aka sauke Agali. Ya sa aka kawo masa tumakin gabansa, ya buɗe bakinsu, ya matsa ƙugunsu, ya fara ɗaga murya yana kiran masu saye. Rabo ya yi zaton abin minti kaɗan ne. Sai da rana ta karkata yana tsugune a gefe, jakin maƙwabci na kuka, kayan da ya yi alkawarin ɗauka wani ya ɗauke.

Daga ranar ya zama kowace kasuwa sai Rabo ya kai shi ya ɗauko shi. Abin da Agali ke samu bai kai na da ba, amma tukunya ta koma kan murhu a gidan Uwale. Gonar Rabo kuwa rabinta kawai ta yi, geron da ya girbe ba zai kai su wata damina ba.

Bayan girbi, wata yamma Rabo ya dawo daga aiki ya tarar da wata dabba ɗaure a turken jan sa. Maraƙi ne, ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje, gashinsa ya zube a wuya, ido ɗaya na zubar da ruwa, yana tsaye kamar iska za ta kada shi. Hawwa'u ta ce Agali ne ya aiko, shi da abokan dillancinsa suka haɗa suka saya. Rabo ya zagaya maraƙin, ya kira Agali a salula.

"Mi ne ne wanga ka ɗaure mani a gida?"

"Sa ne. Ka gode Allah."

"Wanga ko kura ba ta ɗaukarshi."

"Kai mi ka sani? Dubi ƙahwahunshi, dubi hwaɗin ƙirjin. Yunwa ce kawai da tsutsar ciki. Ka ba shi dussa da harawa da kanwa, ka wanke mashi idon sahe da marece, ka kai shi a yi mashi allura. Nan da shekara biyu ya hi wancan."

"Shekara biyu! Da mi zan ciyar da shi? Na gama jinyarka in kama ta maraƙi?"

"Wa ya ce ka gama tawa? Gobe akwai awon sukari wurin majo. Ka zo da wuri."

Ya kashe wayar. Rabo ya tsaya yana huci, ya ce da Hawwa'u gobe da sassafe zai mayar da abin nan inda ya fito. Maraƙin ya miƙo wuya ya kama bakin rigarsa yana tauna. Ya fizge rigar, sannan ya tambayi Hawwa'u ko akwai sauran dusa a gidan. Ta ce babu. Ya ɗauki buhu ya fita nema wajen mai injin niƙa kafin ya rufe.